Mu muka ɗebi yashin gina makarantar, yau kuɗinta ya fi ƙarfinmu

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ni tela ce, maigidana kuma ƙaramin ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma, muna zaune a wani gari a kudancin jihar Kaduna. 'Ya'yanmu uku duk suna makarantar Katolika da ke harabar cocinmu. Babbar, mace, tana aji biyu na babbar sakandare, mai bi mata namiji ne yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, auta kuma tana aji biyu na firamare. An sake ƙara kuɗin makaranta, ga shi har yanzu ana bin mu ragowar na zangon da ya wuce, kuma an riga an koro yaran gida saboda bashin. Maigida ya ce mu mayar da su makarantar gwamnati gaba ɗaya, ko kuwa a cire babbar tunda kuɗinta ya fi yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lokacin da ake gina ajujuwan nan mu matan Zumuntar cocin ne muka yi ta ɗiban ruwa da yashi a ka, kuma babu shekarar da ban ba da nawa ba a bikin godiya. Yau 'ya'yan masu kuɗi daga wasu unguwanni ne suka cika makarantar. Ina jin kunyar tunkarar Fada, har na fara tunanin daina ba da baiko a coci. Shin makarantar Katolika ta cancanci wannan wahala? Idan na cire su, na yi zunubi?

Uwar 'ya'ya uku

'Yata, na amsa gaisuwarki, Ubangiji ya ba ki kwanciyar rai. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin na lura ita ce take hana ki barci. Ba zunubi ba ne uwa ta cire 'ya'yanta daga makarantar da kuɗinta ya fi ƙarfin gidanta. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, haka dokokin Ikklisiya na shekarar 1983 suka tanada. Doka ta 798 ta umurci iyaye su sa 'ya'yansu a makarantun da ke ba da tarbiyyar Katolika, amma a cikin wannan dokar aka ƙara da cewa idan ba su da halin yin haka, abin da ke wuyansu shi ne su tabbatar yaran sun sami wannan tarbiyya a wajen makaranta. Waɗanda suka tsara dokar sun san akwai talauci a duniya, sun kuma san akwai garuruwan da babu makarantar Katolika ko ɗaya a cikinsu. Saboda haka ki sauke wannan nauyi daga zuciyarki kafin mu shiga sauran maganar, domin wanda fargabar zunubi ta cika wa ciki ba ya iya yin lissafi daidai, matsalarki kuwa tana bukatar lissafi da natsuwa.

Ɓacin ranki ma yana da tushe, kuma ba zan ce miki ki haɗiye shi da sunan haƙuri ba. Doka ta 800 ta ɗora alhakin kafa makarantun Katolika da riƙe su a kan dukan masu bi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba a kan iyayen ɗalibai kaɗai ba. Kafin nan, a watan Oktoba na 1965, Babban Taron Vatikan na Biyu, wato taron bishop-bishop ɗin Katolika na duniya, ya fitar da sanarwa a kan ilimin Kirista, inda ya roƙi makiyaya da dukan jama'ar Ikklisiya su sadaukar da abin da suke iyawa domin waɗannan makarantu su cika aikinsu, musamman wajen kula da matalauta, da yaran da ba su da gatan iyali, da waɗanda ba su cikin bangaskiyarmu. Idan haka ne, makarantar da ta wayi gari tana koro 'ya'yan waɗanda suka ɗebi yashin gininta, ta kauce wa wani ɓangare na dalilin kafa ta, kuma faɗin haka ba rashin biyayya ba ne ga Fada ko ga Bishop. Sai dai kafin ki ɗora laifin a kan mutum ɗaya, ya kamata ki san yadda aka yi muka iso nan, domin sanin zai taimake ki ranar da za ki buɗe baki.

Tsofaffinmu sukan ba da labarin yadda ɗan manomi ya yi karatu a makarantar mishan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har ya zama malami ko ma'aikacin jinya ko babban ma'aikacin gwamnati. Gaskiya suke faɗa. Tun da Fadocin SMA, wato ƙungiyar 'yan mishan masu aiki a Afirka, suka kafa tasharsu a Shendam da ke jihar Filato ta yau a 1907, coci da makaranta tare suke tafiya a wannan yanki, kuma sau da yawa katikis ɗin ƙauye shi ne malamin da ke koya wa yara baƙi da ƙirga a ranakun mako. Daga baya manyan makarantu suka biyo, irin su St. John's College da Queen of Apostles College a Kaduna, da makarantar da Sistocin St. Louis suka buɗe bayan isowarsu Kano daga ƙasar Ailan a 1948. Amma arhar wancan zamani ba daga sama ta faɗo ba. Tukunyar tana zaune ne a kan duwatsun murhu uku: Fadoci da Sistoci suna koyarwa ba tare da albashin a zo a gani ba, masu bi a Turai da Amurka suna aiko da gudummawa, gwamnati kuma tana ba makarantun mishan da ta amince da su tallafin biyan malamai. Jama'ar gari suka ƙara da nasu, wato fili da aikin gayya.

Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina College, kuma har yau a hannun gwamnati suke. Wasu jihohin kudu sun mayar wa coci-coci nasu daga baya, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011, inda gwamnatin Anambra ta ci gaba da biyan albashin malaman. Makarantun da ikklisiyoyinmu na nan arewa suka sake ginawa bayan wancan karɓewa, irin wadda kika ɗebi yashinta, yawancinsu ba su da ko ɗaya daga cikin duwatsun nan uku. Turawan mishan sun tsufa sun koma gida, gudummawar waje ta ragu ƙwarai, tallafin gwamnati kuwa babu shi. Malamin da ke koya wa autarki yana da mata da 'ya'ya da kuɗin haya, kuma albashinsa daga aljihunki da na sauran iyaye yake fitowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci da na takarda suka yi tashin gwauron zabi, sannan a 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, adadin da makarantu masu zaman kansu da yawa suke fama kafin su kai gare shi. Idan makaranta ba ta ƙara kuɗi ba, malamanta nagari za su gudu su bar ta, idan kuma ta ƙara, irinki ne za su fita. Wannan ne ya sa nake cewa jama'arku sun gina bango sun yi rufi, sun yi bikin buɗewa, sannan suka ɗauka aikinsu ya ƙare, alhali kuwa riƙon makaranta ya fi gininta tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu ga ainihin tambayarki, ko makarantar ta cancanci wahalar. Makarantar Katolika mai kyau tana ba da abubuwan da suke da wuyar samu a wani wuri da irin wannan kuɗi. Malami yana shiga aji a kan lokaci domin akwai mai duba shi, ba a rufe makaranta wata da watanni saboda yajin aiki, kuma yaro yana tashi cikin tsarin da addu'ar safe da darasin lissafi da ladabi ga manya duk tafiyarsu ɗaya. Abin da ya fi waɗannan a wurina shi ne yaron sananne ne. Malamar da ke koya masa ranar Litinin ita ce take zaune a bayanki a coci ranar Lahadi, shugaban makarantar ya san sunan mahaifinsa, idan ya fara bin abokan banza kuwa, labari zai iso gare ki kafin abin ya yi nisa. Yaron da ya san idanun mutane da yawa masu ƙaunarsa suna kansa, da wuya ya ɓace cikin taro. Wannan daraja ce ta gaske, kuma ban yarda da masu cewa duk makaranta makaranta ce ba.

Amma sunan waliyyi a kan allon ƙofa ba shi ne yake koyarwa ba. Akwai makarantun da ke ɗauke da sunan Katolika waɗanda ba abin da ya rage musu sai sunan da tsadar. Dokokin Ikklisiya da kansu, a doka ta 806, sun ce masu kula da makarantun Katolika su tabbatar karatun da ake bayarwa bai gaza na sauran makarantun yankin ba, wato kina da hurumin aunawa. Yau da dare ki ce wa mai bi wa babbar ya kawo miki littafin rubutunsa na lissafi da na Turanci, ki buɗe shafi bayan shafi. Ki duba ko akwai jan biron malami, ki duba kwanan watan da aka yi makin ƙarshe, ki ga ko inda yaron ya yi kuskure an gyara masa an sa ya sake, ko kuwa an ja dogon layi kawai an wuce. Ki ɗauko wata takarda da autarki ba ta taɓa gani ba, ko da takardar sanarwar coci ce, ki ce ta karanta miki layi biyu, domin yara da yawa suna haddace littafin aji su rera shi ba tare da sun iya haɗa baƙi ba. Ki tambayi babbar malaman lissafi nawa aka canza mata tun shigarta sakandare, ki kuma tambaye ta a asirce ko ana karɓar kuɗi lokacin jarrabawar WAEC da NECO domin a taimaka wa ɗalibai a ɗakin jarrabawa. Idan ana yin haka, to tarbiyyar da kike biya dominta babu ita, komai yawan addu'ar da ake yi a layin safe. Abin da kika gani da idonki a waɗannan wurare shi zai gaya miki ko wahalarki tana sayen wani abu.

Idan kika tarar makarantar tana aikinta, to ta cancanci ki matse, ki rage wasu abubuwa, ki sauke kunya ki nemi taimako. Ba ta cancanci ki ci bashin ruwa ba, musamman irin na manhajojin waya da ke ba da kuɗi cikin minti kaɗan, sannan idan ranar biya ta wuce su bi lambobin da ke wayarki suna aika wa dangi da abokan ciniki saƙon tozarci. Ba ta cancanci ki sayar da keken ɗinkinki ba, domin shi ne yake kawo kuɗin zango mai zuwa. Ba ta kuma cancanci gidanki ya zama filin faɗa ba. Maigidanki ba maƙiyin karatun 'ya'yansa ba ne, mutum ne da albashinsa yake ƙarewa kafin tsakiyar wata, wanda kuma ya ga 'ya'yansa sun dawo gida da rana tsaka maƙwabta suna kallo. Wannan yana yi wa namiji ciwo fiye da yadda yake faɗa. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki kawo takarda da biro, ku rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, har da kuɗin littattafai da kayan makaranta da na jarrabawa, ku kuma rubuta abin da makarantar gwamnati za ta ci, domin ita ma ba kyauta take ba ɗungurungum. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, amma akwai kayan makaranta da kuɗin mota da ƙananan kuɗaɗen da ake nema, wani lokaci har da kuɗin malamin darasin yamma da za ku ɗauka domin cike giɓi.

Inda ban goyi bayan maigidanki ba ko kaɗan shi ne batun cire babbar. Yarinyar da ta kai aji biyu na babbar sakandare saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni ta rubuta jarrabawar fita, makin da ake tara mata tun daga aji ɗaya yana hannun wannan makaranta, kuma makarantu da yawa ba sa son karɓar ɗalibi dab da ajin ƙarshe. Cire ta yanzu asarar duk abin da kuka zuba ne a lokacin da ya kusa ba da amfani. Ban da haka, mu mata mun san yadda labarin yakan ƙare idan aka ce 'ya mace ta ɗan zauna a gida zango ɗaya kafin abubuwa su daidaita: zango ɗaya ya zama shekara, ta koma mai taya ki ɗinki da raino, daga nan sai maganar aure ko abin da ya fi shi muni. Auta kuma tana shekarun da ake kafa harsashin karatu, kuma yaron da ya wuce aji uku na firamare bai iya karatu ba yakan daɗe yana jan ƙafa. Idan dole sai an motsa ɗaya, a ganina na tsakiyan ne zai fi jure canjin, tunda ya riga ya iya karatu da rubutu kuma babbar jarrabawarsa tana da sauran lokaci. Ko shi ma a bari sai ƙarshen shekarar karatu, kada a ɗauke shi a tsakiyar zango.

Kafin a kai ga haka, sai kun ga Fada, kuma ku je tare da maigida. Na fahimci kunyarki, amma ki tuna ba bara za ki je yi ba, za ki je ne a matsayin 'yar gida mai haƙƙi a cikin abin da ta taya ginawa. Kada ki tare shi a ƙofar coci bayan sujadar Lahadi, lokacin da mutane suka kewaye shi kowa da bukatarsa, domin abin da za ki samu a nan shi ne "za mu duba" kawai. Ki nemi ranar da yake zama a ofis, ku shiga da takardar lissafinku, ku faɗi adadin da ake bin ku da adadin da za ku iya biya kowane wata ba tare da ƙarya ba. Ku nemi a yarda ku biya kashi-kashi, a rubuta yarjejeniyar, a ba mai karɓar kuɗin makaranta kwafi domin kada a sake koro yaran. Ku tambaya ko akwai rangwame ga iyalin da ke da yara uku a makaranta ɗaya. Ke kuma kina da abin da iyaye da yawa ba su da shi, wato sana'ar da makaranta take bukata kowace shekara. Wani ne yake ɗinka kayan makarantar yaran nan da kayan wasanninsu da labulen ofisoshi, ana kuma biyansa. Ki nemi a ba ki wani kaso na aikin a cire daga bashinki, ki tafi da samfurin ɗinkinki a hannu domin a gani.

Ki sani kuma ba kowace makarantar da ke harabar coci ce take ƙarƙashin ikon Fadan wurin ba. Wata ta ikklisiyar ce, wata ta dayosis ce kai tsaye, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, wata kuma ta wata ƙungiyar Sistoci ce, kuma wanda ya mallake ta shi yake yanka kuɗinta. Idan Fada ya ce abin ya fi ƙarfinsa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai ki roƙe shi ya rubuta miki takarda zuwa ga mai kula da ilimi na dayosis ko ga Sistar da ke shugabantar makarantar. Ki kuma nemi 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul idan akwai su a cocinku, domin aikinsu ke nan, taimakon mabukata cikin sirri.

Game da baiko, ba na so ki daina cikin fushi, domin baiko tsakaninki da Allah ne, kuma fushin da ya hana hannu bayarwa yakan bi mutum har cikin addu'arsa. Amma ki bambanta baiko da sauran abubuwan da muka ɗora wa kanmu. Ba wajibi ba ne ki sayi kowane ankon da aka fitar a Zumunta, ba wajibi ba ne ki tashi ki yi alkawarin kuɗi a gaban jama'a ranar ƙaddamar da gidauniya saboda an kira sunanki a lasifika, kuma babu wanda zai ce kin yi laifi idan kika kawo mudun masara a bikin godiya maimakon buhu. Kuɗin karatun 'ya'yanki yana gaba da duk waɗannan. Na sha ganin mace ta ci bashi ta yi anko uku a shekara ɗaya alhali ɗanta yana zaune a gindin mangwaron bakin makaranta da jakarsa a cinya, yana jiran a tashi ya bi sauran yara gida domin kada a gane koro shi aka yi. Mu shugabannin mata muna da hannu a wannan, tunda mu muke fitar da ankon.

A nan ne nake so ɓacin ranki ya zama aiki. Na tabbata ba ke kaɗai ba ce a Zumuntarku da wannan damuwa, sai dai kowace tana rufe tata. Ki sami mata biyu ko uku da kika amince da su, ku kai wa shugabar Zumunta shawarar a kafa asusun tallafin karatu na ikklisiya, ita kuma ta gabatar da ita a majalisar ikklisiya tare da shugabannin ƙungiyar maza da ta matasa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lissafin ba shi da wuya. A ce iyalai 200 ne a cocinku, kowane iyali ya riƙa ba da naira 500 a wata, an tara naira 100,000 ke nan kowane wata, wato naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, tun ba a taɓa abin da ake samu a gwanjon bikin godiya ba. Kin san yadda ake yi a ranar, akuyar da ba ta fi kuɗin kasuwa ba sai manyan baƙi su yi ta ƙari a kanta har ta ninka sau da yawa, jama'a suna tafi, mata suna guɗa. Idan majalisa ta amince a ware ko da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wannan rana domin karatun yara, kafin a yi maganar tayil da sabon fenti, yara da dama za su zauna a aji. Tsofaffin ɗaliban makarantar da ke aiki a Abuja da Legas ma sukan bayar, idan aka rubuta musu aka kuma nuna musu inda kuɗin ya shiga.

Irin wannan asusu amana ce take riƙe shi, kuma rashinta ne yake kashe shi. A buɗe masa asusun banki dabam da na coci, mutum uku su riƙa sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace, a karanta lissafinsa a gaban jama'a kowane zango. Kuɗin ya tafi makaranta kai tsaye, kada ya bi ta hannun iyaye. Sunayen yaran da aka taimaka kuwa su tsaya a wurin ƙaramin kwamiti, kada a kira su gaban bagade a ɗauki hotonsu, domin yaron da aka nuna wa duniya talaucin gidansu yakan biya da abin da ya fi kuɗin makarantar. A kuma rubuta ƙa'idar zaɓe tun farko, marayu da 'ya'yan gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi, domin kada abin ya koma na 'ya'yan 'yan kwamiti. Wannan ba mafarki ba ne. A dayosis ɗin Wichita da ke jihar Kansas a Amurka, tun shekarun 1980 suka ɗauki tsarin da jama'ar kowace ikklisiya suke ɗaukar nauyin makaranta daga abin da suke bayarwa a coci, har iyalan da ke cikin hidimar ikklisiya ba sa biyan kuɗin makaranta. Samunsu ba irin namu ba ne, kuma ban ce za mu kai can gobe ba, amma tushen tsarin shi ne wanda dokarmu ta riga ta faɗa, cewa tsoho marar ɗa a makaranta da saurayin da bai yi aure ba duk suna da rabo a nauyin. Tare da haka, ku iyaye ku nemi a riƙa gabatar muku da lissafin makarantar a taron iyaye da malamai kafin a ƙara kuɗi, domin mutum ya fi jure ƙari idan ya ga inda kuɗin yake tafiya.

Idan bayan duk wannan lissafi bai fita ba, kuka mayar da na tsakiyan ko dukansu makarantar gwamnati, ku yi shi da ido buɗe. Makarantun gwamnati ba ɗaya suke ba, akwai waɗanda shugabanninsu suke tsaye a kan aiki da malamai ƙwararru da suka fi na makarantun kuɗi da yawa horo. Ki je da kanki da misalin ƙarfe goma na safe a ranar da ba a san da zuwanki ba, ki ga ko malamai suna cikin aji, ki ƙirga yaran da ke ɗaki ɗaya, ki tambaya ko akwai mai koyar da darasin addinin Kirista, domin a wasu wurare babu. Abin da makarantar coci take yi miki na tarbiyya kuma zai dawo hannunku ke da maigida: ajin katikisim ba fashi, addu'ar dare tare da yara, sa yaron cikin masu hidimar bagade ko ƙungiyar mawaƙa domin ya ci gaba da zama a idon mutanen da suka san shi. Ku zaunar da shi ku biyu ku gaya masa gaskiyar dalili, ku nuna masa takardar lissafin idan ya kama, ku bayyana masa cewa yayarsa tana gab da gamawa kuma da zarar ta gama za a sake duba nasa. Ki karɓi takardar shaidar canjin makaranta da sakamakonsa na zangunan baya kafin ya fita, kuma ko da zai bar makarantar, ku biya ragowar bashin a hankali bisa yarjejeniyar da kuka rubuta da Fada, domin ƙofar ta kasance a buɗe ranar da kuka so mayar da shi.